Wai kwamfuta ba ta san fari da baƙi ba? Amsa kan siddabarun fina-finan bala'i da na kimiyya

Tambaya: Malam, mun yi musu da wani abokina bayan mun kalli wani fim na ambaliya. Na ce masa na lura a fina-finan bala'i da na ƙagaggen labarin kimiyya na Amurka, baƙar fata ko dai a kashe shi da wuri, ko a rufe masa fuska, ko ya tsaya cikin taron da ruwa ke shanyewa. Shi kuma ya ce zargi ne kawai, ai kwamfuta ce ke yin siddabarun, kwamfuta kuwa ba ta san fari da baƙi ba. Tunda sana'arka ce, wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ƙanena, ka gaishe min da abokin naka, ka ce masa ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Kwamfuta ba ta ƙin kowa. Sai dai lissafin da aka ba ta shi take yi, lissafin kuma wani ne ya zauna ya gwada shi a kan wata irin fata har ya ce ya yi. Na daɗe ina aikin haɗa hoto, wato ciro ɗan wasa daga gaban koren ƙyalle a dasa shi cikin wuta ko ruwa ko sararin samaniya, kuma babban abin da aikin ya koya min shi ne siddabarun fim kuɗi ne da ake ƙirgawa daƙiƙa-daƙiƙa. Kowace fitowa an yanka mata kasafinta: wannan fuskar mutum goma za su yi wata uku a kanta, wancan taron kuwa mutum ɗaya zai cika shi cikin mako. In kana son sanin wanda fim ya ɗauka da daraja, bi sawun kuɗin.

Mu fara da fata, don a nan ne maganar abokinka ta fi rauni.

Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak yana aika wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley. Da shi ake saita injin: in fuskar Baturiyar ta fito daidai, an ce injin ya saitu. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan tarihi a binciken da ta wallafa a 2009, ta nuna cewa cikin waɗanda kokensu ya sa aka gyara fim ɗin kyamara don ya riƙa fito da launuka masu duhu akwai masu sayar da cakulan da masu kayan katako, domin a hotunan tallarsu ba a bambance katako mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ya fitar da katin da ke ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon hoton biki inda amarya ta zama inuwa, haƙora da idanu kawai suka fito, ya ga sakamakon wannan saiti da idonsa.

Da aka koma zana mutum da kwamfuta sai labarin ya maimaita kansa ta wata hanya. Ka ɗora yatsunka a kan tocila cikin duhu, za ka ga gefensu ya yi ja. Haske ne ya shiga cikin fatar, ya yi yawo a ciki, ya fito ta wani wuri. Shekara da shekaru rashin wannan abu ne ya sa mutanen da kwamfuta ke zanawa suke kama da roba. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a jami'ar Stanford suka fitar da lissafin da ya magance matsalar, har daga baya aka ba su lambar yabo ta Oscar a fannin fasaha. Cikin abubuwan da suka auna akwai madara da dutsen marmara da dankali da naman kaza da fatar mutum. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ban raina shi ba, da shi muke cin abinci har yau. Amma ka lura da irin fatar da wannan siffa ta fi bayyana a kanta: fara sol, wadda haske ke ratsawa cikin sauƙi. Sinadarin da ke ba fatarmu duhu yana zaune ne a saman fata, yana shanye mafi yawan hasken kafin ya nutsa. Abin da ke fito da kyan baƙar fata a ido shi ne sheƙin da ke samanta, yadda goshi da kumatu da karan hanci ke maido da haske kamar an shafa man kaɗanya. In ka ɗauki saitin da aka yi don farar fata ka rage masa haske kawai, abin da za ka samu mutum ne mai launin toka, kamar wanda hunturu ya buga.

Wanda ya fito ya faɗi haka a fili ɗan cikin gida ne. Theodore Kim, malami a jami'ar Yale wanda ya yi aiki a kamfanin fina-finan zane na Pixar, shi ma yana da lambar Oscar ta fasaha saboda dabarar zana hayaƙi da wuta da suka ƙirƙiro, wato irin hayaƙin da kake gani yana turnuƙe birni a fina-finan bala'i. A 2020 ya rubuta a mujallar Scientific American cewa in masu binciken wannan fanni suka ce "fata", farar fata suke nufi, in suka ce "gashi", miƙaƙƙen gashi suke nufi. Lissafin gashin da aka fi dogaro da shi tun 2003 an gina shi ne a kan silin gashi mai santsi. Gashi irin namu mai murɗewa tun daga tushe, wanda ke haɗuwa ya yi tumbu, ya daɗe ba shi da lissafin kansa. Sai a 2023 da 2024 Kim da wata malama mai suna A.M. Darke da ɗalibansu suka gabatar da ayyukan da suka fuskanci wannan gashi kai tsaye. Ka ƙirga tazarar da kanka, kimanin shekara 20.

Ko koren ƙyallen ma haka ne. An zaɓi kore ne don ya yi nesa da launin fatar ɗan Adam, kuma kyamarar zamani ta fi ganin kore da kyau, domin rabin ɗigon da ke idonta na kore ne. To amma fata mai sheƙi madubi ce. Na taɓa karɓar wani aiki inda aka tsayar da 'yar wasa, baƙa mai kitson shuku, dab da ƙyallen, aka kuma sake mata fitila mai ƙarfi don wai kada ta yi duhu. Koren ya kwanta mata a goshi da gefen kunci. Da na umarci manhaja ta cire kore, sai ta cire har da wani yanki na fuskar, ƙananan silin gashin da ke gefen kitson kuma ta aske su tas. Kwana huɗu na yi ina bin hoton ɗaya bayan ɗaya da hannu. Da a ce tun a wurin ɗauka an matsar da ita taku uku daga ƙyallen, an ba ta faffaɗan haske mai taushi daga gefe, da ba a yi wannan wahalar ba. Mai ɗaukar hoton ba mugu ba ne, abin da aka koya masa ya yi. Masu ɗaukar hoton da suka zauna suka nazarci fatarmu sun nuna ana iyawa: Bradford Young, wanda aka san shi da iya haska baƙar fata cikin ƙarancin haske, shi ne baƙar fatar Amurka na farko da ya shiga takarar Oscar ta ɗaukar hoto, da fim ɗin kimiyya Arrival na 2016.

Batun rufe fuska da ka ambata, shi ma ruwa ba ya tsami banza. A Avatar na 2009 manyan 'yan wasan da suka zama shuɗɗan halittun nan, Zoe Saldana da CCH Pounder da Laz Alonso da Wes Studi, baƙaƙe ne da ɗan asalin Indiyawan Amurka. An ɗauki motsin jikinsu da na fuskarsu da muryarsu, kwamfuta ta lulluɓe su, mai ceton su kuma Bature ne da muka ga fuskarsa sarai. Lupita Nyong'o ta shiga Star Wars a 2015 tana da Oscar a hannu, amma ba wanda ya ga fuskarta. Idris Elba ya yi kusan dukan Star Trek Beyond a ƙarƙashin fuskar roba. Adalci ya sa in ce Turawa ma suna shiga irin wannan rigar, kuma wasu 'yan wasan da kansu suke son ta. Bambancin shi ne Bature in an rufe fuskar ɗaya akwai goma a buɗe cikin fim ɗin. Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Ahmed Best. Shi ne ya ba da jikinsa da muryarsa aka gina Jar Jar Binks na fim ɗin Star Wars na 1999, ɗaya daga cikin halittun kwamfuta na farko da suka yi doguwar rawa tare da mutane a babban fim. Masu sharhi suka ce halittar ta yi kama da tsohuwar al'adar kwaikwayon baƙaƙe don dariya, 'yan kallo suka yi masa ca, har a 2018 ya bayyana cewa abin ya kai shi ga tunanin kashe kansa. Fasahar da ya taimaka aka kafa ta ɗaukaka wasu, shi kuma ya tashi da zagi. John Boyega, ɗan Birtaniya mai iyaye 'yan Najeriya, fuskarsa a buɗe take, amma a fostar Star Wars da aka kai ƙasar Sin a 2015 an ƙanƙantar da hotonsa, kuma a 2020 ya fito ya koka cewa an tallata shi a matsayin babban jigo sannan aka ture shi gefe.

Yanzu ga fina-finan bala'i, inda maganar kasafi ta fi fitowa. A irin wannan fim mutane kashi biyu ne. Akwai masu suna, waɗanda kyamara ke kusantar idonsu, aka san 'ya'yansu da karensu. Akwai kuma taro. Taron nan yawanci ba mutane ba ne ma: ana ɗaukar siffar 'yan cike gurbi kaɗan, manhaja ta ninka su dubu-dubu, ta sa su gudu, igiyar ruwa ta share su. Aikinsu kawai su nuna maka girman bala'in. Wannan ɗaukar siffa na cikin abubuwan da 'yan wasan Amurka suka yi yajin aikin kwana 118 a kansu a 2023. Abin dubawa a kowane fim shi ne su wa aka ba suna, su wa aka bar wa manhaja.

Ɗauki The Impossible na 2012. Igiyar ruwan tsunami ta ranar 26 ga Disamba 2004 ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashe 14, fiye da rabinsu a Indunisiya. Fim ɗin ya sake gina ruwan da ƙwarewa mai ban tsoro, da ruwa na gaske a wani katafaren tafkin ɗaukar fim a Alicante ta Sifen. Labarin gaskiya ne na wasu iyali 'yan Sifen da suka je hutu Tailan, kuma wahalarsu ta cancanci a ba da labarinta. Amma an ɗauko 'yan wasa masu jin Turanci sun hau matsayinsu, mutanen Tailan kuma, waɗanda ƙasarsu ce ta lalace, sun fito a matsayin masu ɗaukar majinyata da masu miƙo taimako. A Outbreak na 1995 abin ya fi wannan muni: fim ɗin ya buɗe da jefa bam a wani sansani a Zayar, wato Kongo ta yau, don a kashe cuta, cikin 'yan mintuna an wuce wurin, sannan ƙarshen fim ɗin gaba ɗaya fafutuka ce ta hana a jefa irin wannan bam a wani ƙaramin garin Kalifoniya. Wuta iri ɗaya ce, amma ɗaya buɗe labari aka yi da ita, ɗayar kuma ita ce abin da zuciyar ɗan kallo ba za ta iya ɗauka ba.

Darakta Roland Emmerich ya cancanci a yi masa adalci ta fuska biyu. Shi da abokin aikinsa Dean Devlin sun ba da labarin cewa kamfanin da ya ɗauki nauyin Independence Day na 1996 ya ƙi Will Smith da farko, wai baƙar fata ba zai sayu a ƙasashen waje ba. Suka dage, fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 800, ya ci Oscar ta siddabaru. Amma a fim ɗin da aka gina ƙaramin samfurin fadar White House da hannu don a tarwatsa shi, Afirka ta samu 'yan daƙiƙu ne a ƙarshe, mutane riƙe da mashi suna murna. A fim ɗinsa 2012, wanda ya fito a 2009, masanin kimiyyar Chiwetel Ejiofor ne, shugaban ƙasa Danny Glover. Duk da haka masanin ɗan Indiya da ya fara gano bala'in an bar shi da iyalinsa ruwa ya ci su, kuma a ƙarshe jiragen attajiran da suka sayi kujera suka nufi Afirka, nahiyar da ta tsira, ba tare da an nuna mana fuskar ɗan Afirka ɗaya da za su tarar a can ba.

Wanda ya fi shafar mu kai tsaye shi ne District 9 na 2009. Neill Blomkamp, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi shi da kimanin dala miliyan 30, kuɗi kaɗan a ma'aunin irin waɗannan fina-finai, ya kuma shiga takarar Oscar har ta fim mafi kyau. Labarin halittun wata duniya ne da aka killace a unguwar talakawa a Johannesbag, ishara ga District Six ta Cape Town, inda gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar ta Turawa a 1966 ta kori mutum sama da 60,000. A matsayina na ɗan sana'a, aikin da aka yi wa halittun nan abin koyi ne. An ɗauki halitta mai kama da ƙwaro, aka yi ta aiki a kan idanunta har sai da ɗan kallo ya ji tausayin uba da ɗansa. To a cikin wannan fim ɗin, 'yan Najeriya su ne 'yan daba masu safarar makamai da karuwanci da cin naman halittun don neman asiri, shugabansu kuma aka sa masa suna Obesandjo, wanda ba sai an faɗa maka sunan wa ya yi kama da shi ba. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi a gidajen sinima na Najeriya, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne an kashe watanni ana sa wa ƙwaro mutuntaka, mutanen gaske kuma da ba sa buƙatar ko sisin siddabaru aka kasa rubuta musu ita.

Black Panther na 2018 ya nuna abin da ke faruwa in kasafin ya juyo. Hannah Beachler ta rubuta kundi mai shafi kusan 500 kan yadda ƙasar Wakanda take kafin a zana ta, Ruth Carter ta yi suturar, su biyun suka zama baƙar fata na farko da suka ci Oscar a fannoninsu. A jikin dogayen benayen birnin za ka ga sandunan itace sun fito daga bango, salon masallatan Timbuktu, wanda duk wanda ya san masallacin Agadas zai gane. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma ka tuna inda aka kai mu a farkon fim ɗin: dajin Sambisa, cikin dare, motoci ɗauke da matan da aka sace. Afirkar da aka ƙirƙira ta samu shafi 500, ƙasarmu ta gaske ta samu duhun daji da 'yan bindiga. Legas ɗin da aka nuna a Captain America: Civil War na 2016 kuwa a Atlanta aka haɗa ta.

Maganar cewa baƙar fata ne ke fara mutuwa, kada ka kafa musunka a kanta, don abokinka zai kawo maka fina-finai da yawa da ba haka aka yi ba. A Night of the Living Dead na 1968 Duane Jones ne ya fi kowa daɗewa a raye, ya kwana yana kare gidan, da gari ya waye 'yan sintiri fararen fata suka harbe shi. An saki fim ɗin watanni kaɗan bayan kisan Martin Luther King. Lokacin mutuwar ba shi ne ma'auni ba. Ka duba ko fim ɗin ya tsaya ya yi makoki, ko kuwa ya wuce kamar ba a yi komai ba.

Tunda na ga kana da sha'awar abin, ga abin da zan so ka sani. A Kaduna wasu samari da ke kiran kansu The Critics suka fara yin gajerun fina-finan kimiyya da wayar hannu da koren ƙyalle da manhajar Blender, wadda kyauta ce, suna koyo daga intanet. Labarinsu ya zaga duniya a 2019, har darakta J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Kayan sun zo hannunmu, amma da saitin wasu suka zo. In ka buɗe manhaja ka ga an rubuta "fata", kada ka amince da ita sai ka gwada. Ka samo mutum uku, baƙi wuluk da wankan tarwaɗa da fari, ka tsayar da su wuri ɗaya a hasken hantsi, sannan a ƙarƙashin fitila, ka ɗauke su, ka ajiye hoton kusa da allonka ya zama shi ne katinka na saiti. Wajen ɗauka ka nisanta ɗan wasa daga ƙyallen, ka yi amfani da faffaɗan haske mai taushi, kada ka bari mai kwalliya ta kashe sheƙin fuskar da hoda gaba ɗaya, kuma ka sa ƙaramar fitila ta baya don gefen kitso ya rabu da bango. Sannan ku sake kallon fim ɗin ambaliyar nan kai da abokinka da takarda a hannu, ku rubuta sunan duk wanda aka faɗi sunansa kafin ruwa ya ci shi, ku ga su wa suka rage ba suna.